Idon Malachy

Shekara arba'in da ɗaya Malachy Considine yana ɗaukar wa baƙi jakar sanduna a filin golf na Carrigmoyle, can bakin teku, inda ake buga ƙaramin ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami, kuma ba a taɓa jin ƙwallon baƙo ya ɓata a hannunsa ba. Filin nan duk tuddan rairayi ne da doguwar ciyawa mai kaifi, ƙwallo in ya kauce ya faɗa ciki sai dai a haƙura. Amma Malachy zai taka kai tsaye, ya buɗe ciyawa da ƙafa, ya ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe." Bai yi aure ba, bai tara komai ba, gidan da yake ciki ma na yayarsa Nuala ne. Wannan sunan shi ne duk abin da ya mallaka.

Abin da garin bai sani ba, tun bara wani tabo ya zauna masa a tsakiyar ido. Gefe-gefe yana gani, amma duk abin da ya zuba wa ido sai ya zama hayaƙi. Likita ya ce ba ya warkewa. Nuala kaɗai ta sani, don ita ta kai shi.

"Ka gaya wa Fintan," ta ce da shi ran nan da safe, tana yanka burodi. Fintan Garrihy shi ne mai raba wa masu ɗaukar jaka aiki. "Tsoho da kai, sai ka faɗa rami tukun?"

"Yaya, ki bar ni in sha shayina."

"Sha mana. Sukarin ma a gefen kofi ka zuba shi."

Ya shanye shayinsa. Ai yana da dabararsa. Ƙarar sanda a kan ƙwallo takan gaya masa ko bugun ya miƙe ko ya karkace, kumatunsa su auna masa iska, sannan da wutsiyar ido ya lura da inda kawunan baƙi suka juya. Shekara guda yana haka ba wanda ya gane, amma kullum da faɗuwar gaba yake fita.

Ranar motar baƙi ta iso da azahar. Tun safe ake yawo da su: an kai su kan duwatsun da suka leƙa teku, an nuna musu kangon tsohuwar coci, sun kalli kare yana tattara tumaki suna tafi. Yanzu golf, da yamma kuma kiɗa da farfesun rago a mashayar Hehir. Aka haɗa Malachy da wata dattijuwa daga birnin Boston, can ƙetaren teku, Joanne Mulqueen, mace marar yawan magana. Ita ce ta roƙi a ba ta shi da sunansa.

Har rami na goma sha uku komai lafiya. Da suka hau tudun na sha huɗu, inda ake hango maƙabarta da 'yan gidajen da ke bayanta, sai ta bar abokan wasanta suka yi gaba. Ta ciro wani tsohon ƙwallo daga aljihun rigar ruwanta.

"Na babana ne," ta ce. "A can bayan maƙabarta aka haife shi. Yana ɗan shekara sha tara ya tafi, bai sake dawowa ba. Ya rasu cikin hunturun nan. Ka ga koren ɗigon nan? Shi ya sa da hannunsa. Ina so in buga masa shi a nan sau ɗaya, in koma da shi gida. Da ba zan yarda in buga shi ba, amma an ce mini kai ba ka ɓatarwa."

Nan ne ya kamata ya buɗe baki. Wallahi maganar ta zo masa har maƙogwaro. Sai ya ji kansa yana cewa, "Buga abinki, ranki ya daɗe."

Tana ɗaga sanda iska ta taso daga teku da ruwa a cikinta, ta cika masa kunne. Bai ji bugun ba. Ya nemi kanta da wutsiyar ido, ashe ta sunkuyar tana share hawaye. Ba kowa kuma a tudun sai su biyu.

"Ina ya faɗa?"

"Dama kaɗan," ya ce, ya saɓi jaka.

Akwai wata tsohuwar ƙazanta da duk mai ɗaukar jaka ya sani: a huda aljihun wando, a saki wani ƙwallo ya bi ƙafa ya sauka cikin ciyawa, baƙo ya yi murna. Wanda aka kama ya bar filin ke nan har abada. Malachy da bakinsa ya taɓa kai ƙarar wani a kan haka, aka kore shi, kuma bai taɓa nadama ba. To aljihunsa na hagu wata uku ke nan da hujewa, Nuala ta yi ta cewa ya kawo ta ɗinke, yana cewa gobe. Ya yi ta tattaka ciyawa, matar tana biye da shi. Sai ya saki wani ƙwallo ta hujin.

"Ga shi nan."

Ta durƙusa ta ɗauka, ta juya shi a tafin hannu, ta sake juyawa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Wataƙila ruwa ne ya wanke ɗigon."

Ta dube shi. Fuskarta bai gan ta ba, amma shirun ya ji shi har ƙashi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce za ta kai ƙara ba. Ta miƙa masa ƙwallon, ta ce ta gaji, ta juya ta nufi inda motarsu take. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Ya mayar da jaka, ya ce wa Fintan ruwa ne ya kore ta. Ƙarya ta huɗu ke nan a yini ɗaya, shi da bai saba ba. Maimakon gida sai ya koma tudun na sha huɗu. Ya durƙusa da gwiwa, ya fara laluben ciyawa da hannu, taki-taki, dama da hagu, don bai ma san ɓangaren da zai nema ba. Ciyawar ta tsattsage masa yatsu, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Duk ƙwallon da hannunsa ya taɓa sai ya kawo shi dab da hanci, ya karkata kai, ya ga fari-fari kawai. Sai ya jefa a hula. Kafin rana ta yi ƙasa ya tara guda tara.

Da ya tura ƙofar mashayar Hehir, goge da sarewa sun tsaya, Nuala ce ke rera tsohuwar waƙa ita kaɗai ba kiɗa, idonta a rufe. In ana irin wannan waƙar ko kofi ba a ajiyewa da ƙarfi. Ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na ɗiga daga jikinsa har ta kai ƙarshe.

"Malachy, iyo ka je yi?" in ji Fintan daga wajen murhu. Aka yi dariya.

Malachy ya wuce ciki. Ya tambayi inda matar Boston take, aka nuna masa, ya bi gefen tebura ya ajiye hular a gabanta.

"Ranki ya daɗe, wanda na nuna miki ɗazu daga aljihuna ya fito. Ban ga inda naki ya faɗa ba. Ga waɗanda na tsinto, ki duba da kanki. Ni ba na gani."

Ta sa hannu cikin hular. Ya ji ƙwallayen suna gogar juna a ƙarƙashin yatsunta, ɗaya bayan ɗaya. Can ta ja numfashi.

"Ga shi," ta ce. Ta ɗago shi zuwa fuskarsa. "Ga ɗigon nan."

Ya zuba masa ido, don ta ji daɗi. Hayaƙi kawai ya gani.

"Madalla," ya ce.

Ya cire rigar aikin da ke ɗauke da lambarsa, ya ninke ta a jiƙe yadda take, ya nufi wajen murhu. Fintan bai miƙo hannu ba, don haka ya ajiye masa a kan tebur.

"Akwai mutum huɗu da ƙarfe tara gobe," ya ce. "Ka nemo musu wani."

Nuala ta riga ta ɗauko mayafinta. A bakin ƙofa ta kama masa hannu saboda matakala, a gaban kowa, shi kuwa bai fizge ba.