Layin Marigayi Maigidana

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu, ina kuma roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya same ni, ko wata za ta tsira da shi. A lokacin da wannan abu ya faro, ni matar aure ce a Ajingi, haifaffiyar Kademi, da yarana ƙanana, sana'ata kuma matsar man gyada da suyar ƙuli-ƙuli. A wurin mahaifiyata na koya, kuma ban taɓa zaton za ta wuce cinikin maƙwabta da na ranar kasuwa ba. Maigidana direban bas ne, yana jigila tsakanin Ajingi da Kano. Shi ya fara ɗaukar galan ɗaya ko biyu yana ajiyewa a ƙarƙashin kujerarsa, in fasinja ta yaba ƙamshin sai ya sayar mata, ya ba ta lambar wayarsa ko za ta sake buƙata. A hankali mata suka yi ta ba juna lambar, har ya zamana yana tuƙi ana kiransa a kan mai. Wata rana ya dawo ya cire layin ya miƙo mini, ya ce tunda dai layin ya koma warin tunkuza, in riƙe abina, shi zai sayi wani. Muka yi dariya. Bai faɗo mana a rai ba cewa sunansa da hotonsa da yatsunsa ne a kan rajistar, domin a ganinmu abin miji ai na mata ne.

Da wannan layi na buɗe manhajar nan da kowa ke tura saƙo da hoto. Nakan ɗora hoton kwalaben mai da ƙuli mai sukari da mai yaji, matan Kano su turo saƙon murya su faɗi abin da suke so, in ɗaure in ba shi, su karɓa a tasha. Yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba, su ma ba su taɓa ganin tawa ba, hoton kwalba ne a kan shafina. Ban kuma damu da adana lambobinsu ba, tunda ko yaushe na buɗe waya ga hirarmu nan a jere. A cikinsu akwai wata Hajiya mai dafa abincin biki, wadda ita ce babbar mai sayena, kuma ita ta haɗa ni da mata da yawa. Muryarta kawai na sani, amma mun saba har takan tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya.

Sai Allah ya karɓi ran maigidana bayan gajeruwar jinya. A gida ya cika, da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ina cikin takaba saƙonni suka riƙa shigowa daga kamfanin waya, cewa a haɗa layi da lambar katin ɗan ƙasa ko a rufe shi. A rediyo ma ana ta faɗa, wai umarnin gwamnati ne saboda masu aikata ɓarna da layukan da ba a san masu su ba. To amma mun sha jin an sa wa'adi an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa, har mutane suka daina ɗaukar abin da gaske. Ni kuma a lokacin ko abinci sai an matsa mini nake ci. Yayana da ke zaune a Gaya ya zo duba mu, ya ga saƙon, ya ce da na fita takaba in yi maza in je a gyara, domin wannan karon ba alamar wasa. Na ce masa to. Na fita takaba, abokan maigidana na tasha suka ci gaba da kai mini kaya Kano saboda zumunci, ciniki ya dawo, na manta da zancen.

Ranar da aka rufe layin, na tashi zan kira direban da zai ɗauki kaya, sai na ji wata murya tana cewa ba ni da ikon yin kira. Washegari na tafi Gaya wurin masu rajista, na miƙa lambar katina. Mutumin ya daddanna na'urarsa ya ce ba za ta haɗu ba, sunan da ke kan layin na namiji ne, sai dai in je babban ofis a Kano. Na je Kano. Na tarar da mutane cike har bakin titi, tsofaffi da masu goyo, kowa da wayarsa a hannu. Sai bayan azahar na isa gaban wata ma'aikaciya, mai ladabi kuwa, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce mai layin ne zai zo da kansa a ɗauki yatsunsa. Na ce mata mai layin yana kabari. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce in kawo shaidar rasuwa da takardar rantsuwa ta kotu da amincewar magada. Na tambaye ta ina ake samun shaidar rasuwar wanda ya mutu a ɗakinsa, liman da maƙwabta suka sallace shi. Ta ce ita dai abin da aka gindaya musu ke nan.

Daga nan na shiga yawon da har yau ban manta da shi ba. Asibiti suka ce ba a hannunsu ya rasu ba. Wani ofis suka ce in kawo takarda daga mai unguwa, na kawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na koma, aka ce babu sabis. Na sake komawa, aka ce sunan mahaifin marigayi a katinsa ya bambanta da wanda mai unguwa ya rubuta da harafi ɗaya, sai an sake. Duk ranar da na fita, ranar babu suya babu matsa, yara suna gidan maƙwabta, in dawo da magariba da ciwon kai in tarar ƙaramar ta yi barci ba ta ci komai ba. Ba wanda ya zage ni a duk wuraren nan, ba wanda ya kore ni. Kowa cewa yake in yi haƙuri in dawo. Haƙurin ne ya ƙare mini. Na sayi sabon layi da sunana, na ce wancan Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

A nan ne na yi sakacin da ya fi ci mini rai. Da na sa sabon layin na sayi data, sai na ga manhajar tana aiki yadda take, da tsohuwar lamba, hirarrakina duk suna nan, mata suna ta turo saƙo. Na ce ashe ma wahalar banza na sha. Yayana ya ce kar in yarda da wannan, layin da aka rufe in ya daɗe kamfani sake sayar da shi yake yi, in mayar da komai kan sabuwar lamba in kuma sanar da kowa. Na ce zan yi. Gaskiyar magana ita ce ba na so. A cikin hirarrakin nan akwai tawa da maigidana, saƙonninsa na murya daga hanya, yana cewa ya wuce Wudil a ɗora masa ruwan wanka, ko yana tsokanar yara. Ina tsoron in taɓa wani abu su goge. Ban gaya wa Yaya haka ba, kunya nake ji. Na riƙa ce masa sai an gama aikin gyada, sai bayan salla, har shekara ta zagayo.

Wata safiya na ɗauki waya zan duba saƙo, sai na ga manhajar ta fitar da ni, wai an buɗe lambar a wata waya. Na kai wa mai gyara a kasuwa, ya jujjuya, ya ce sai da lambar sirri da za a turo wa tsohon layin, tsohon layin kuma ba ya hannuna. Hirarrakin duka sun tafi, da na masu saye da na maigidana. Da na dawo gida na daure na kira lambar. Wani mutum ya ɗauka, daga jin harshensa ba ɗan wajenmu ba ne, ga hayaniyar injin a bayansa. Ya ce shi a shago ya sayi layinsa sabo, da sunansa da katinsa, kuma tun da ya saka shi mata suka hana shi sakat da zancen man gyada. Na ba shi haƙuri, na yi masa bayanin cewa mai layin na farko rasuwa ya yi, na roƙe shi duk wadda ta kira ya ba ta sabuwar lambata. Ya ce to, to, ya ji, ya kashe.

Na zauna jira. Mako ya wuce, wani ya bi shi, ba wadda ta kira. Man da na matsa ya taru a ɗaki, na koma kai shi kasuwar Ajingi, inda kusan kowane gida akwai mai matsa, sai yadda mai saye ya ga dama. Na tambayi direbobi ko wata ta zo tasha nemana, suka ce ba su ga kowa ba. Na sake kiran mutumin, bai ɗauka ba, daga baya ma kiran ya daina shiga. Na fara tunanin ko man nawa ne ya canza, ko wata magana aka kai musu a kaina.

Ana nan, wata rana da rana ina tsakar gida ina juya gyada a kasko, sai aka yi sallama. Wata dattijuwa ce mai jiki, da ƙullin kaya a hannu, ta ce daga Kano take, a tasha ta tambayi gidan direban nan da ya rasu aka nuno mata nan. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta fara yi mini gaisuwar rasuwa, ina amsawa, a zatona wata ce daga dangin maigidana da labari bai kai mata da wuri ba. Muryar dai tana yi mini kama da wadda na sani. Sai ta kwance ƙullin, kayan yara ne da sabulu, ta ce na marayu ne, ba uwa ba uba, abin ya tsaya mata a rai. Sannan ta dube ni ta ce, “Allah ya jiƙanta, mace mai amana. Ke ƙanwarta ce? Muryarku ɗaya sak.” Sai na gane Hajiya mai abincin biki ce. Na ce, “Hajiya, ni ce fa.” Ta ƙura mini ido, ludayin suya yana hannuna. Na faɗi sunan abin da ta saba saye, da bikin da na yi mata ƙuli na ƙarshe. Sai ta kama salati, hawaye suna zubo mata, ni ma na kasa riƙe nawa. Gyadar da ke kan wuta ranar ƙonewa ta yi.

Da muka natsu ta ba ni labari. Ta kira lambar, mutumin ya ce mata mai layin ta rasu, a daina damunsa. Haka ya gaya wa duk wadda ta kira. Ko bai fahimce ni ba ne saboda ƙarar injin, ko kuwa ya ga ita ce hanya mafi sauƙi ta rabuwa da su, Allah ne masani, kuma ban riƙe shi a zuciya ba. Hajiya ta ce har addu'a suka yi mini a zaurensu na mata, wasu suka yi sadaka. A gabana ta yi saƙon murya ta tura musu cewa ina raye, ga ta ga ni. Na ɗauka shi ke nan komai zai koma daidai. Bai koma ba. Da yawa sun riga sun sami wata mai mai sun saba da ita, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu kuma tsoro suka ji, suka ce 'yan damfara ne suka samo sunan mamaciya. Akwai wadda ta ce sai na ɗauki kaina a bidiyo ina magana kafin ta yarda. Na ɗauka na tura mata, ina jin nauyin abin a raina, amma yara suna buƙatar abinci. Kaɗan ne suka dawo. Ita Hajiya ba ta bar ni ba har yau, Allah ya saka mata. Da ita da 'yan kaɗan ɗin nake lallaɓawa, sauran kuma kasuwa.

Ban rubuto wannan don in zagi doka ba. Na san abin da ake yi da layukan da ba su da mai su, mun ji a garuruwan da ba su da nisa da mu. Abin da nake roƙon masu tsara ta shi ne su tuna a ƙauyukanmu mutane a gida suke mutuwa, ba takarda, kuma da yawa daga matan da ke ciniki a waya da layin miji ko na wa ko na ɗa suke yi. A sauƙaƙa wa wadda aka bari hanya. Ni dai na gaji da bin ofis, ban kuma tsammanin zan sake.

Ku kuma 'yan uwana mata masu sana'a, abin da na koya da tsada shi ne lambar da jama'a suka san ki da ita ita ce shagonki, kuma shagon da ba sunanki a kai aro ne komai daɗewarki a ciki. Ki adana lambobin masu sayenki, ki bari ko mutum biyu a cikinsu su san gidanki da fuskarki. In akwai wani abu a wayar da zuciyarki ba za ta jure rashinsa ba, ki nemi wanda ya iya ya kwafe miki shi a wani wuri, kar kunya ta hana ki kamar yadda ta hana ni. In kuma layin da ke hannunki da sunan maigidanki yake, kar ki jira a gama aikin gona ko a wuce salla. Ki roƙe shi ku je a mayar da shi sunanki yanzu, tun yana da ƙafar da zai raka ki.