Kayan Sallar Motar Mamuda

A tashar Jega, idan ka ce kana neman Mamuda direba, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce mai motar da ke yin sallah, ko mai rake zai nuna maka shi da baki. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, hularsa kullum a ture take zuwa ƙeya, kuma in ya kafe a kan magana gara ka je ka kama wani aikin. Albasa yake ɗauka a farar a-kori-kurarsa, daga gonakin Aliero zuwa Jega, wani lokaci ya zarce Maiyama inda wani dillali ke yi wa manyan motoci lodi zuwa Kudu. In ba lokacin albasa ba ne, ya ɗauki gero, ya ɗauki raguna, har gadon amarya ba ya ƙi.

Sunan nan ba a banza ya samo shi ba. Duk jajiberin sallah, lokacin da mutane ke cika shagon tela suna rigima a kan ɗinki, Mamuda yana garejin Sahabi bakanike. A wanke mota tas, a juye mata baƙin mai, a sa sabuwar filta, ya ɗaura mata sabon kyalle a madubi. Haka zai yi da ƙaramar sallah, haka zai yi da babba. Daga nan kuma shi ke nan, ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai taɓa masa ƙasan inji sai wata shekarar. Abokan tasha sun yi tsiya har sun gaji, shi ko a jikinsa.

Wannan ƙa'ida gado ce. Yana saurayi ya yi shekara biyu yana koyon tuƙi a wurin Alhaji Waliyyu na Maiyama, mutumin da har yau in aka ambaci sunansa sai Mamuda ya gyara zama. Wata rana suna kwance a ƙarƙashin mota Alhaji ya ce masa, “Juye biyu na: ƙaramas salla da babba. Kak ka manta.” Bai kuwa manta ba.

Da ya bar hannun Alhaji, sai ya faɗa tuƙa wata tsohuwar a-kori-kura ta wani ɗan kasuwar albasa, ya yi shekara ashirin da wani abu a cikinta. Motar nan yoyo take yi ta ko'ina. Duk inda ta kwana sai ta bar baƙin tabo a ƙasa, har matan unguwa suka hana shi ajiye ta kusa da inda suke shanya. Kusan kowane mako sai ya yi mata ciko. Bai taɓa kawowa a ransa cewa cikon nan ne ke sabunta mata mai ba, shi dai ya ga inji bai taɓa bugawa ba, ya ce albarkar maganar Alhaji ce.

Abin da ya fi ci masa rai a shekarun nan shi ne makulli. Kowace yamma sai ya je ƙofar gidan mai motar ya yi sallama, ya tsaya a waje har a gama cin tuwo, sannan a fito a karɓa. Yana da furfura, yana da 'ya'ya, yana tsaye a ƙofar gidan wani da makulli a hannu. Matarsa Tasalla ta fi shi jin zafin abin. Ita ce ta yi ta kiwon tumaki a bayan ɗaki shekara da shekaru, ta sayar, shi ma ya haɗa da abin da ya tara, suka sayi farar motar nan. Ranar da ya shigo da ita gida ya rantse a gaban Tasalla cewa ba zai ƙara miƙa wa kowa makulli ba. Ya sa masa igiyar fata, yana rataye shi a wuya, ko wanka zai shiga da shi yake shiga.

Sabuwar motar ba ta yoyo ko ɗigo. Kowace safiya ya zaro gejin mai, ya ga yana nan a cike, ya yi murmushi ya mayar. A shekarun kuwa salloli biyun duk cikin damina suke faɗowa, lokacin da motar ke yini a gindin bishiyar bedi ba aiki. Sai a juye mata mai, bayan wata biyu da 'yan kwanaki a sake zubar da shi yana nan garau a zuba wani. Shi kuma na biyun shi zai kwashe kayan kaka, ya shiga albasa, ya ci zafin bazara, bai huta ba.

Da aka fara cirar albasa, Mamuda ya leƙa garejin Sahabi a ɗaure masa salansa, bututun hayaƙin motar. Sahabi ya zaro gejin don karambani, ya murza man a yatsa, ya ɓata fuska.

“Malam Mamuda, yaushe rabonka da juye?”

“Tun layya.”

“Tun layya? Wanga mai ya ga damana, ya ga kaka, ga albasa ta taho. Motad da ka shiga gona da kaya cikin ƙura, in ta yi kilomita dubu biyat a juye mata, a sake hilta. In ba ka duba mita, kak ka wuce wata ukku.”

“Geji cike shi ke,” in ji Mamuda.

“Cike shi ke, amma da mi?”

“Kai ka sai da mai, dole ka ce hakanan. Maigidana ya yi tuƙi tun ba a haihe ka ba. Salla biyu yac ce, salla biyu nika yi.”

Sahabi ya goge hannu ya ƙyale shi, don ya san wanda yake magana da shi. Labarin dai ya riga Mamuda isa gida, matar Sahabi ƙawar Tasalla ce. Tasalla na ajiye masa kwanon tuwo ta ce, “Baban Salima, ka dai tuna tumakina na cikin injin ga.” Ya ce mata tumakinta suna cikin ƙoshin lafiya, ya ci tuwonsa.

Aiki ya yi aiki a shekarar. Daga gona zuwa gona, hanyar yashi, buhuna har sun fi kan mota tsawo. Aka shiga zafi, sai wata 'yar jar fitila mai hoton buta ta fara ƙyaftawa a gabansa, ta kama ta ɗauke. Ya ce waya ce ta saki. Bayan kwanaki inji ya fara wani ƙas-ƙas da safe. Ya ce sanyin safiya ne, alhali a lokacin ko da asuba gumi ake yi.

Ranar da abin ya zo, ya ɗauko albasa daga Aliero, ya ratsa Jega, ya kama hanyar Maiyama da hantsi. Yana hango gari fitilar ta kama, ba ta ƙara ɗaukewa ba, ƙarar kuma ta ƙaru har yana jin ta a tafin ƙafarsa. A nan dai taurin kai ya sake shi, ya gangara gefe ya kashe mota. Ya zauna riƙe da sitiyari. Ko albasar bai tuna ba, ƙofar gidan nan kawai yake gani, da shi a tsaye yana jiran a gama cin tuwo. In injin nan ya buga, ba shi da wasu tumakin da zai sayar, kuma ya san can zai koma.

Dillalin ya turo wata mota ta kwashe albasar, ita ce kuma ta ja shi zuwa inda ya fi kusa, ƙofar gidan Alhaji Waliyyu. Tsohon yana kan tabarma a zaure, ido ya yi rauni amma kunne na nan. Mamuda ya durƙusa ya gaishe shi, ya buga wa Sahabi waya da murya ƙasa-ƙasa. Sahabi ya iso a kan babur da galan da filta, kuma don yana da kirki bai yi masa gori ba.

Ya shiga ƙarƙashi ya kwance noti, ya tara kwano. Shiru. Sai can wani baƙin abu ya leƙo, ya yi tsawo, ya faɗo guda-guda kamar kwalta. Alhaji ya sa aka kawo masa kwanon, ya tsoma yatsa, ya shinshina.

“Mamuda, mi kaka zuba ma motag ga?”

“Mai na, maigida.”

“Na yaushe?”

“Na layya. Yadda kac ce, ƙaramas salla da babba. Ban taɓa ƙetare ko guda ba.”

“Ni nac ce hakanan?”

“Kai kac ce, muna kwance ƙarƙashin mota, nan wurin ga.”

Alhaji ya ɗan yi tunani, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har da tari, sai da aka kawo masa ruwa.

“Yaro, shekarad da kaz zo wurina, azumi cikin ɗari munka yi shi. Ƙaramas salla ta zo ana shirin cirar albasa, layya ta zo an ƙare kwasa. Abin da nika nuhi, ka juye kahin wahala, ka juye bayanta. Na ce ma salla don na san ba ka manta ranar sabuwar riga. Ai salla matsowa takai kowace shekara, kai ma ka sani. Albasa ko tana nan inda take.”

Mamuda ya sani mana. Ya yi azumi cikin sanyi, ya yi cikin zafi, ya yi cikin ruwa, bai dai taɓa haɗa wannan da gejin mai ba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

“To kai, maigida, bayan na tahi, ƙaƙa kaka yi?”

“Mita nika bi. Shekarad da aiki yay yi yawa, har huɗu nika juyewa.”

Sahabi ya sunkuyar da kai cikin inji, bayansa kawai ake gani yana motsi. Shi kuwa Alhaji dariyar ta ɗauke masa. Ya juyo da fuskarsa wajen Mamuda ya daɗe a haka.

“Ɗiyana na cikina, na hwaɗa musu magana ta hi dubu, ba wadda tak kwana. Kai guda nab ba ka, ita ma ban ƙarasa ta ba, ka ɗauke ta shekarun ga dut.”



Har la'asar Sahabi na fama. Ya sauke kaskon ƙasan inji ya kankare, ya wanke ragar da ke tsotso mai wadda ta toshe, ya mayar, ya sa filta, ya zuba sabon mai. Ya miƙe ya ce shi ya yi nasa, ko inji ya ci kansa ko bai ci ba sai an tayar za a sani.

Mamuda ya ciro igiyar daga wuyansa. Ya dubi mota, ya dubi makullin, sai ya juya ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

“Maigida, kai ka tashe ta. Ni ba ni iyawa.”

Suka kama tsohon suka zaunar da shi a kujerar direba. Ya lalubo ramin makulli ba tare da ya duba ba, ya yi bismilla, ya murɗa. Motar ta yi tari, ta kama. Ƙas-ƙas ɗin ya fito, ya yi ta yi, sannan ya fara raguwa har ya ɓace, jar fitilar ta mutu. Alhaji ya karkata kunne ya saurara tsawon lokaci.

“Ta sha da ƙyat,” ya ce. “Wata ukku, ka ji ko? Wannan karon na ƙarasa maganar.”

Ya kashe motar, ya zare makullin, ya lalubo kan Mamuda ya rataya masa igiyar a wuya da hannunsa.

“Riƙe abinka,” in ji shi. “Barka da salla.”