Allon Zanen da Na Sayo wa 'Yata

A ƙarshen shekarun casa'in ni malamin gona ne a Tudun Wada. Ina da babur na aiki da jakar takardu, ina zaga ƙauyuka har Doguwa ina koya wa manoma tazarar shuka da zuba taki. Ba wani zurfin karatu gare ni ba, amma a lokacin duk mai biro a aljihun gaba masani ne. Ni ake kawo wa wasiƙa in karanta, ni ake nuna wa takardar asibiti, har rediyo in ta ƙi magana ni ake miƙo wa. Na saba da wannan girma har ya zame mini ciwo, bakina ya manta yadda ake cewa ban sani ba. Yau na yi ritaya, gemu ya yi fari, shi ne na ce bari in rubuto muku abin da wannan hali ya jawo mini, ko na samu sauƙi a zuciyata.

Ina da 'ya, ta uku a ɗakinsu, lokacin shekararta tara. Sunan mahaifiyata muka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce uwata. Yarinyar nan tun tana rarrafe take zane. Gawayi a bangon madafa, tsinke a ƙasa bayan an ɗauke ruwa, bayan takardun aikina kuwa duk ta cika su da shanu da zabi. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, Bafulatana ce da ta tashi a ruga, kuma ita ba ta yarda a zana abu mai rai ba. Tunda take ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ko a wajen biki, da ta hango shi sai ta ja mayafi ta juya baya.

Wata rana na tafi Kano buga katin gayyatar auren ƙanena, na ɗauki yarinyar don ta ga birni. A shagon akwai wani mutum zaune gaban kwamfuta, da wani falalen allo ruwan toka a kan teburinsa. Yana jan alƙalami a kan allon, furanni suna fitowa a gilashin kwamfutar, ja da kore da shuɗi. 'Yata ta tsaya a bayansa kamar an dasa ta. A mota, da muka zo Kwanar Dangora, sai ta tambaye ni a hankali ko launin mutumin nan yana ƙarewa. Na ce mata ba ya ƙarewa. A nan na yi wa kaina alkawarin sai ta mallaki irin wannan allo.

Bayan an yi girbi na koma Kano da niyyar sayensa. Sabo dai ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Wani mai shago ya nuna mini allon wasan yara, wanda ake zane a kai a ja wani abu ya goge, na ce 'yata ta wuce nan. Uwarta ta ba ni shawara tun a gida in sayo mata littattafan zane da akwatin kala in huta, na raina wannan ma. Ina cikin yawo a layin masu kayan gwanjo sai na gan shi a ƙarƙashin wasu tsofaffin rediyoyi, gefensa ɗaya a goge, da alƙalaminsa da doguwar waya. Kuɗinsa daidai aljihuna. Mai rumfar bai cuce ni ba, ya faɗa mini yana aiki amma sai an haɗa shi da kwamfuta. Maimakon in tambaye shi me yake nufi, sai na gyaɗa kai irin na wanda ya sani. A raina na riga na yanke cewa kamar kyamara ne: ka ɗauki hotunanka, suna nan a ciki, ranar da ka shiga birni ka kai a wanke maka.

Haka na bayyana mata, a tsakar gida, gaban kowa. Na ce duk abin da ta zana allon yana haɗiyewa ya adana, idan ya cika za mu kai Kano a fitar. Ta karɓa da hannu biyu ta durƙusa ta yi godiya. Daga ranar bango ya huta, takarduna suka huta. Da ta dawo daga makaranta sai ta ɗauki allonta ta tafi gindin mangwaron da ke bayan gida, ta ɗora shi a cinya, ta yi ta jan alƙalami a kan abin da ba ya nuna ko ɗigo. Kuma ba ta ɓata. Takan kira ni ta nuna mini da yatsa, ta ce nan rafi ne, nan shanu ne ke tsallakewa, waccan farar saniyar ta waiwayo tana neman ɗanta. Launi kuwa da baki take zaɓa, ta ce yanzu shuɗi, sai ta ci gaba. Wallahi idan ta daɗe tana bayani sai in ga kamar ruwan yana motsi a kan tokar allon nan. Har uwarta, mai faɗan da, takan ajiye tsintsiya ta leƙo ta ce a ƙara wa duwatsun can hazo.

Damina ta kankama lokacin da aka kira mu taro a Kano. Da aka tashi na biya shagon mai katin nan, na tambaye shi nawa zai wanke mini zanen da ke cikin irin allonsa. Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. Ya zaunar da ni ya ce allon ba ya riƙe komai. Hanya ce kawai, hannu ya bi ta kansa zuwa kwamfuta, in babu kwamfuta a haɗe a lokacin to ko layi ɗaya bai zauna ba. Na fito na kama hanyar gida. Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan faɗa mata. Ina sauka ta tarye ni a zaure da gudu, ta ce yau ta zana bakan gizo kuma ya fi na sama kyau. Na ce madalla. Na ce wa kaina gobe. Gobe ta zama mako, mako ya zama wata. Ba tausayinta kaɗai ya hana ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Kunya nake ji a ce malamin gona ya sayo abin da bai san kansa ba.

A cikin wannan jinkiri ne abin ya faru. Wata la'asar mahaifiyata ta karɓi allon, ta juya shi gaba da baya, ta murza da babban yatsa, ba ta ga komai ba. Ta ce in dai wannan ne zanen to babu laifi, ai kamar rubutu ne a kan ruwa. Takwararta ta yi caraf ta ce to ta zauna a zana ta. Abin mamaki, tsohuwar da ta guje wa masu hoto duk rayuwarta ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta sassauta mayafi. Kwana da kwanaki suna wannan zama bayan la'asar, iska na kaɗa masarar bayan gida, hadari na taruwa can wajen Doguwa. Tsohuwa na tsokanarta wai ta mayar mata da haƙoranta duka kuma ta goge mata yamutsin goshi, in ba haka ba ba za ta biya ba. Yarinya na cewa ta daina motsi, ta kai kan tsagar da ke gefen bakinta. Ni kuwa ina zaune a gefe ina cika rahoton taki. Farar takarda da fensir suna cikin jakata, ko tashi ba sai na yi ba. Ban miƙa mata ba, don in na miƙa za ta tambaye ni dalili.

Da sanyi ya shigo mahaifiyata ta kwanta, kwana biyar Allah ya karɓi abarsa. Bayan an yi sadakar arba'in, 'yata ta naɗe allon a cikin ɗankwalin marigayiyar ta kawo mini. Ta ce kada in damu, Inna tana ciki, mu je a fitar da ita a rataye a ɗakina. Ko a nan ban faɗa mata gaskiya ba. Na shiga mota da ita har Kano, allon a rungume a ƙirjinta, ina fatan abin da na san ba zai yiwu ba.

Mai shagon ya gane ni. Ya dubi ƙunshin, ya dubi yarinyar, ya ce Malam ai na yi maka bayani tun da damina. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya haɗa allon da kwamfutarsa don ta gani da idonta, gilashin ya fito fari fat. Ya ba ta alƙalamin ya ce ta gwada, yana aiki. Ba ta karɓa ba. Ta juyo ta tambaye ni ko da gaske na sani tun kafin Inna ta zauna. Na ce na sani. Ba ta yi kuka ba, ta warware ɗankwalin ta ninke shi, ta bar allon a kan teburin mutumin. A gida ta yi ta gwadawa a takarda, ta zana ta yaga, ta zana ta yaga, tana cewa ba haka idon yake ba. Daga baya ta haƙura.

Yau ita matar aure ce a Kano, kuma da zane a kwamfuta take sana'a. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta rage ni da komai ba, wannan ma ya fi yi mini zafi. Ku iyaye, yanzu irin allunan nan sun cika gari, 'ya'yanku za su nema. Araha ba laifi ba ce, amma kafin ka biya ka tambaya me abin ke buƙata kafin ya yi aiki, a gwada a gabanka, ka ga zanen ya zauna. In ƙarfinka bai kai ba, takarda da fensir ba abin kunya ba ne. In kuma ka yi kuskure, faɗa wa yaro a ranar, don ba ka san me zai zuba a cikin ƙaryarka ba. Da sallar da ta wuce jikata ta tambayi uwarta yadda kamannin mahaifiyata suke, uwar ta ce ta zo ta tambaye ni. Na rufe ido na nemi mahaifiyata. Na ga mayafinta, na ji muryarta tana tsokana, amma fuskar ba ta zo ba.