Na Je Na Ga Wankin da Yake Yi

Ladan bai rufe baki daga kiran assalatu ba muka kama hanyar bakin titi, ni da maƙwabciyata mai zuwa duba ɗanta a masaƙa. Ni aike ne ya fitar da ni. Ƙannen mijina, Allah ya jiƙansa, sun zauna sun yanke cewa in je Kano in ɗauko jikata daga hannun ubanta. Uban nan ɗana ne na fari, don haka kada wanda ya jira jin sunansa a bakina. Matarsa ta rasu bara, ta bar masa Ummi, wadda aka yi wa sunana. Wani ɗan garinmu ne ya dawo daga birni ya ce yaron ya ƙi aikin kamfani, sai yawo, kuma yana kulle kansa da yarinya a ɗaki mai duhu yana wanke mutane. Babba a cikin ƙannen mijin nawa, baffan yaron, ya ce in ba wankan gawa ba ne, to tsafi ne, kuma yarinya ba ta tashi a gidan da babu mace. Na ce zan je, amma sai abin da idona ya gani.

Akori-kura muka fara hawa, mu da awaki da buhunan barkono, kowa na atishawa. A Ringim muka koma hayis. Kuɗin mota ya ƙaru, kwandasta ya ce mai ne ya yi tsada, na ce ai kujerar ba ta ƙara faɗi ba. Na sayi fura a hanya, ruwa ne zalla aka gilma masa gero. Rogo da ƙuli ne suka tsayar mini da ciki.

Ta Bompai muka shiga gari. Dogayen bututu na fitar da hayaƙi, iska na kawo ƙamshin alewa, can kuma na man gyaɗa. An ce mini nan yake zuwa da safe, sai muka sauka. To, ta yaya zan yi cigiyar wanda ba na faɗin sunansa? Na tsaya gaban wani mai shayi na ce ina neman wani dogo, baƙi, mai rataye da abin ɗaukar hoto.

"Mai goya yarinya a keke? Baban Ummi ke nan. Iya, ai ya gama ɗaukar masu neman aiki hoto ya wuce, sai dai Sharaɗa."

Muka ratsa gari a bas, a matse kamar goro a huhu. A Sharaɗa muka rabu da maƙwabciyata. Jiniya ta yi kuka, ma'aikata suka ɓarko daga ƙofofi, wasu da auduga a gashin kai. A gindin wata bishiya na hango ɗan nawa da rikodarsa. Na tsaya daga nesa ina kallo. Wani bawan Allah, daga harshensa mutumin Damagaram ne, ya durƙusa gaban rikoda yana gaida mahaifiyarsa, yana faɗa mata an rage ma'aikata amma shi bai shiga ciki ba, muryarsa na rawa. Ashe waɗanda ba su iya rubutu ba, irina, nan suke zuwa a ɗaukar musu magana a kaset su aika gida. Ummi na zaune kan benci da kayan makaranta, duk wanda ya yi tari sai ta harare shi.

Da ya gan ni ya taso ya tsugunna. "Inna, ku ne? Sannunku da hanya."

Na kau da kai na amsa wa bishiya. Ita kuwa takwarar tawa ta ruƙunƙume ni.

"Tsohuwa, kin zo cinye mana abinci?"

"Ke tafi can. Wa ya yi miki wannan kitso kamar hanyar tururuwa?"

"Baba ne."

Panshekara yake zaune. Kafin mu isa, iskar Challawa ta tarbe mu da warin jima, na toshe hanci da mayafi, 'yan cikin mota suna yi mini dariya wai baƙuwa ce. Ɗakinsa babu wurin sa ƙafa. Rediyoyin mutane a buɗe hanji waje, agogo, fitilu, da wata fanka da ya haɗa da batirin mota don yarinya ta ji daɗin barci. Shi ya tuƙa mana tuwo. Gudajin ciki sun kai ƙwan zabo, amma miyar ta yi. Na duba kayan yarinyar ɗaya bayan ɗaya, wankakku ne. Na duba farcenta da bayan kunnenta. Na sa ta biya mini allonta, ta biya.

Washegari da hantsi na ce wa Ummi, "Gaya wa ubanki a nuna mini wankin."

Wani ɗan lungu ne ya toshe da bargo, da jan ƙwan lantarki a sama. Ya rufe ƙofa, na damƙe hannun yarinyar. Ya tsoma farar takarda a kwanon ruwan magani yana girgizawa. Jama'a, ina tsaye fuskar mutum ta fara fitowa, ido da farko, sannan hula. Na ce a'uzubillahi da ƙarfi. Ummi ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ai mai gadin masaƙa ne. Ya ɗauraye shi, ya shanya a igiya kamar rigar jariri. Wankin ke nan. Wankin hoto. A kan wannan dattawa suka zauna har da tafa hannu.

Da muka fito yarinyar ta ɗauko wani kaset daga ƙarƙashin filo ta sa da kanta. Sai ga muryar uwarta, tana daka tana yi mata wasa, tana faɗan wani ya kashe abin nan ya bar ta ta yi aiki. Ummi ta ce kullum sai ta ji kafin ta tafi makaranta, in zaren ya tsinke Baba ya liƙa. Na fita tsakar gida na daɗe ina gyara ɗaurin kallabi.

Ya biyo ni ya tsugunna, kansa a ƙasa. "Inna, na san abin da aka aiko ku. In kun ce a tafi da ita, ba zan yi musu da ku ba."

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

Kwanakin da na yi, na tsefe kan nan na yi mata kitso na mutane. Na dawo gida ni kaɗai da ƙullin alewa. Tun ban sha ruwa ba baffan ya yi sallama.

"Yaya, ina yarinyar?"

"Tana gidan ubanta."

"Amma ai mun yanke magana."

"Kun yanke a zaure, ni na je na gani. Takarda yake wankewa. Kai ko rigarka ka taɓa wankewa?"

Abin da na koyo a tafiyar nan, mutum kan yi sana'ar da garinsu ba a san sunanta ba, kuma namiji na iya riƙon ɗiya in ya sa kansa. Abin da yarinyar ta rasa mace ce a gidan, kuma a nan baffan ya yi gaskiya. Shi ya sa na gaya masa ya nemi mai kula mini da awaki. Ana gama girbi zan koma Panshekara da tabarmata. Wanda ke son ɗauko Ummi, ya zo can ya same ni a bakin ƙofa.