Rayuwar Clifford Pengelly da Abokin Musun da Aka Ƙwace Masa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Clifford Pengelly a shekarar 1921 a garin Broken Hill, shi ne ɗa na uku ga Josiah Pengelly, mahaƙin ma'adinai, da matarsa Edith, jagorar mawaƙa a cocin unguwarsu. Bayan firamare ya shiga koyon haɗa haruffa a wata maɗaba'a, inda ya karance duk takardar da ta bi ta hannunsa, ya kuma koyi gardama, domin ma'aikatan wurin ba su yarda da Allah ba, ba su kuma iya yin shiru ba.

Yaƙi

A shekarar 1942 aka tura shi New Guinea cikin masu ɗauko waɗanda suka jikkata. A can ne wani saurayi da ke gab da cikawa ya riƙe masa riga ya tambaye shi inda Allah yake, Clifford ya rasa ta cewa har yaron ya rasu. Tun daga ranar ya ɗauki alwashin cewa ba za a ƙara tambayarsa game da bangaskiyarsa ya rasa amsa ba.

Aure da hawa tsani

Ya koma Sydney a 1946, ya auri Beryl Tonkin, mai ɗinki, a 1948, suka haifi 'ya'ya uku. A shekarar 1949 ya sayi ɗan tsanin katako ya fara kafa shi kowace Lahadi da yamma ƙarƙashin wani ɓaure a filin Domain, tsakanin 'yan gurguzu da masu shelar cewa addini ya gama yayi. Yana kafa hujja da tsarin halitta, da kuma shaidar almajiran da suka gwammace mutuwa da su janye maganar tashin Almasihu. Jawabinsa ba laifi, sai dai tattabaru sun fi mutane halarta, domin a filin nan jama'a ba sa tsayawa sai inda ake faɗa.

A 1951 Allah ya haɗa shi da Mervyn Scully, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ƙato mai sanƙo da murya kamar ta jirgi, wanda bai yarda da Allah ko lahira ba.

"Kai, Waliyyin Tsani! Ina hujjarka?" in ji Mervyn. "Sauko ƙasa mana, mutumina, ko a tsaninka za ka hau zuwa sama?"

"Na hau ne in hango ko akwai wani abu a kan nan naka," in ji Clifford. "Har yanzu dai sanƙo kawai nake gani."

"To kifin da ya haɗiye Yunusa fa? Kwana uku a ciki, haya yake biya?"

"Da kai ya haɗiye, Merv, ai kafin la'asar ya amayar da kai saboda surutu."

Jama'a suka yi ta dariya, suka kuma tsaya suka ji wa'azin. Haka su biyun suka shafe shekara goma sha biyar, sunan Clifford ya bazu, mutane da dama suka shiga coci ta dalilinsa. Shi kuwa mutum ɗaya yake so, kullum sunan Mervyn ne farko a addu'arsa, ya kuma sa wa ransa cewa ta hannunsa ne wannan ƙato zai ba da gaskiya.

Zuwan Dakta Prosser

A shekarar 1964 Dakta Alwyn Prosser, matashin malamin kimiyya, ya kafa nasa dandamali a ɗaya gefen filin, da lasifika da taye a wuya, yana kare bangaskiya ɗaya da ta Clifford. Clifford ya yi masa maraba a baki.

A farkon 1966, wata ranar Asabar, ƙaramar 'yar Mervyn ta nutse a teku ta rasu. Lahadin da ta biyo baya ya zo filin ba hula ba dariya.

"Cliff," ya ce a hankali, "ina Allahnka yake ranar Asabar?"

Clifford yana da amsoshin wannan tambaya a ka, fiye da shekara ashirin yana tanadinsu. Ya dubi fuskar mutumin. Ya sauko daga tsani ya dafa kafaɗarsa.

"Ban sani ba, Merv," ya ce, hawaye na zuba. "Wallahi ban sani ba."

Mervyn ya juya ya tafi. Mako na gaba aka ji muryarsa a gaban dandamalin Dakta yana cewa, "Ina hujjarka?" Jama'a suka bi muryar.

Shekarun kishi

Clifford ya hakkake cewa ya karya alwashinsa a bainar jama'a, abokin musunsa kuma ya raina shi ya koma wurin wanda ya fi shi sani. Kishi ya kama shi, irin wanda ba ya barin mutum ya ji daɗin abinci. Ya sayi lasifika. Ya matso da tsaninsa kusa da Dakta da sunan neman inuwa. Ya shiga karatun taurari da duwatsu bayan furfura ta fito, ya riƙa gano kurakurai a koyarwar Dakta waɗanda ba wanda ke ganinsu sai shi.

"Ji amsar banza! Da ni ne ai da tuni na ƙure Merv," yakan ce wa Beryl.

"Haba Cliff, ba Ubangiji ɗaya kuke yi wa aiki ba?"

"Ɗaya ne. Amma arnen nan nawa ne, ni na tsinto shi."

Bai daina roƙa wa Mervyn ceto ba, amma ya kasa ƙarawa da cewa ko ta hannun wa ceton zai zo, ya kuma san wannan zunubi ne, abin yana cin sa. Sau ɗaya ya sauke girman kai ya ƙwala kira: "Merv! Yau ba ka da tambaya ne?" Mervyn ya ɗaga masa hula ya wuce.

Rasuwa da jana'iza

Ya ci gaba da hawa tsani har gwiwoyinsa suka ƙi, ya rasu a watan Yuni na 1983 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da biyu. An binne shi a maƙabartar Rookwood, Dakta Prosser ne kuma ya yi wa'azi bisa roƙon Beryl. Yana cikin cewa ɗan'uwanmu yanzu yana ganin Ubangijinsa ido da ido, sai aka ji wata tsohuwar murya daga baya.

"Ina hujjarka?"

Dakta ya gyara taye zai ba da amsa. Mervyn ya ratso jama'a yana dogara sanda.

"Ba da kai nake ba, Dakta. Da Cliff nake."

Ya tsaya bakin kabarin yana jiran amsa.

"Me ya sa ka bar shi, Merv?" Beryl ta tambaya. "Ka san yadda abin ya ci masa rai?"

"Dakta yana da amsar komai, Beryl. Mu yi musu, in koma gida in yi barcina. Amma mijinki, tun ranar da ya sauko ya yi kuka tare da ni ban sake samun sukuni ba. Na san in na ƙara tsayawa gabansa sau ɗaya, zan yarda da shi. Gudu na yi."

Marigayin ya bar matarsa Beryl, da Graeme, injiniyan jirgin ƙasa a Newcastle, da Lynette, malamar makaranta a Dubbo, da Noel, fasto a Hobart, da jikoki bakwai. Tsanin kuwa Mervyn Scully ya roƙa a ba shi, aka ba shi.