Malama Alice da Ɗan Fashin Gizo-gizo

Malama Alice 'yar Kagoro ce. Ta zo Abuja shekara biyu bayan sojoji sun miƙa mulki, tana koyar da kimiyya a wata sakandare a Jikwoyi. A bayan ajinta ta fara lura da wani ɗan gizo-gizo mai dogayen ƙafafun gaba, wanda ba ya saƙa tasa yanar. Sai ya lallaɓa zuwa ta wani, ya riƙa girgiza zaren kamar ƙwaro ya faɗa ciki. Mai gida na fitowa, sai ya cije shi ya cinye. Ta sa masa suna ɗan fashi.

Duk Asabar takan bi rafuka da kurmi, daga Karshi har bayan kasuwar Dei-Dei, da 'yan kwalabe a jaka. Duk wanda ta kama sai ta rubuta wurin da ranar a littafi. Cikin shekara shida ta rarrabe iri uku. Ɗayan, mai ƙusumbi biyu a baya, a bakin rafin Kuchigoro kaɗai ta taɓa samunsa.

Ni Lawal, a lokacin ina sashen kula da dazuzzuka a wata ma'aikata. Ta zo ofishina ɗauke da kwali, kwalabe da littafin na ciki.

"Oga, don Allah a tura wa masana su duba," in ji ta. "Ana ta share wuraren nan."

Na yi dariya. "Malama, kowa na neman fili a Abuja, ke kina neman gizo-gizo?"

Na tura kwalin ƙarƙashin tebur. Sau uku tana dawowa. A na ukun na sa aka ce mata ina taro. Da muka koma sabon gini, masu kwashe kaya suka zubar da shi.

Bayan shekaru wata malamar jami'a, Dakta Saudatu, ta zo neman bayanin irin waɗannan gizo-gizon a yankin Abuja. Ba mu da komai. Ta je rafin Kuchigoro, ta tarar gidaje sun cinye shi.

Na nemi Malama Alice har Kagoro. Ta yi ritaya, idonta ya yi rauni. Na gaya mata gaskiya.

"Amma ka karanta littafin?" ta tambaya.

"A'a, Malama."

Sai ta kira 'yarta, ta ce a kawo wa baƙo ruwa.