Sunan Bulus a Saman Ƙofar Shagona

Shekara bakwai ke nan cif da muka raka gawar Bulus daga Tarauni zuwa ƙauyensu a Kudancin Kaduna. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan je in gaida mahaifiyarsa, Mama Talatu, in ci tuwonta, mu yi hirarsa har mu yi dariya. Bana da ƙyar ƙafata ta kai ni. Kafin ranar ta zo, Mama ta aiko mini cewa in cire sunan ɗanta daga allon da ke saman ƙofar shagonmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in rubuta ta ko zan samu sauƙi.

Layi ɗaya muka tashi da Bulus. Babansa ma'aikacin gwamnati ne, nawa direba. Shi coci, ni masallaci, amma kwanon cin abincinmu ɗaya. Da muka girma sai muka buɗe shago tare, muka rubuta sunansa da nawa a allo. Aikinmu haska hotuna da bidiyo a babban allo a wurin taro, ko biki ne, ko yaye ɗalibai, ko walimar sauka, ko wasan kwaikwayon makaranta. Gaskiya ɗaya ce, shi ne mai kan, ni mai ɗaukar kaya ne. In na faɗi haka sai ya ce ai ko ɗaukar ma ban iya ba, tunda na taɓa fasa mana majigi.

A lokacin, mai irin aikinmu can bayan zaure ake ajiye shi da kwamfutarsa, ba abin da yake gani sai ƙeyar mutane. Bulus ya tsani wannan zaman. Ya yi makonni yana fama har ya haɗa kwamfutar da wayarsa, ta yadda daga ko'ina a cikin zauren zai danna hoto ya canja ko waƙa ta tashi. Daga nan sai ya koma tsayawa a jikin bango kusa da dandamali, waya a hannu, ido a kan fuskokin jama'a. Na taɓa ganinsa a wani biki a Daurawa, hoton amarya tana jaririya ya fito, babanta ya fara share hawaye. A tsari daƙiƙa kaɗan hoton zai yi, amma Bulus ya riƙe shi har sai da dattijon ya gama kallo ya gyara zama.

Bulus mai sikila ne. In ciwon ya tashi ko zama ba ya iyawa, balle tsayuwa. Don haka ya ƙara gyara abin, ya zama ta intanet yana iya sarrafa allon daga kan gadonsa. Sai dai da sharaɗi. Dole in kasance a cikin zauren da waya a kunne, ina gaya masa ya danna ko ya dakata. Ran da na yi masa ƙorafi cewa ai yana jin komai ta makirfo, me zan tsaya yi, sai ya ce, "Kabiru, makirfo ba ya jin fuska. In babu ɗayanmu a wurin, gara allon ya zauna baƙi."

Yau abin da ya sha wahala a kansa ya zama ruwan dare. Kowace manhajar haska hoto da shi take zuwa, ka sauke a waya kawai ka fara aiki. Nakan tambayi kaina me zai ce in ya gani. Na san da farko murna zai yi, don Bulus in ya ga sabuwar na'ura har mantawa yake da abinci. Da wannan na riƙa lallashin kaina lokacin da na gano cewa zan iya karɓar taro uku a Asabar ɗaya. In je da safe in kafa kaya a kowane zaure, in dawo shago in zauna gaban kwamfuta, in riƙa sauraron wannan in koma wancan. Na yi shekara biyu a haka ba abin da ya faru, har ina ce wa mutane ai fasahar marigayi ce nake ci gaba da ita. Kwaɗayi ne, amma ban kira shi da sunansa ba.

Sai ga taron sallamar Malama Rifkatu, wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Ƙawar Mama Talatu ce, tare suka koyar, kuma Mama ce ta ce a ba ni aikin tunda shagon ɗanta ne. Wata guda kafin taron iyalin suka kawo mini hotuna da wani ɗan bidiyo da mijin Malama ya ɗauka a ɓoye don ya ba ta mamaki. Tsarin shi ne da zarar shugaban taro ya gama jawabi sai in saki bidiyon. Abin da ban sani ba shi ne mijin ya rasu kwana goma sha biyu kafin ranar. An so a ɗage taron, ita ta ce a yi, a mayar da shi na addu'a. A cikin ruɗanin makoki babu wanda ya tuna da ni, balle bidiyon.

Ranar taron da safe na kafa kaya a zauren, a Tarauni, ba kowa sai masu shara. Da rana ina shago, ina fama da wani biki a Babban Giji, na juyo in saurari na su Malama. Na tarar da ƙarshen muryar shugaban taro, sannan shiru. A wurina shiru bayan jawabi alama ce. Ashe shirun minti ɗaya ya nema don tunawa da mamacin, kowa yana tsaye kai a sunkuye. Na danna, na koma wa bikina.

Waɗanda suke wurin sun ce kiɗa ne ya fara tashi, sai ga mamacin ya cika allo yana dariya, yana kiran matarsa da sunan da shi kaɗai yake kiran ta, yana ce mata barka da hutawa, yanzu za ta zauna gida su tsufa tare. Malama ta zube. 'Ya'yanta suka ruga wurin kwamfutar, ba su san inda za su taɓa ba, suka yi ta kiran wayata tana hannuna amma ina kan wani aiki. Har ya kusa gama magana kafin wani ya fizge wayar wuta. Ni kuwa da na ga layin ya yanke, tsaki na yi, na ce sabis ne ya sake yin halinsa. Wannan tsakin har yau yana damuna. Da ko leƙa zauren na yi, baƙaƙen kayan da ke jikin mutane sun isa su gaya mini komai.

Na je gidan Malama Rifkatu neman gafara, ina jiran zagi. Ba ta zage ni ba. Ta ce ta yafe, sannan ta roƙe ni in tura wa 'yarta bidiyon, za ta kalla ita kaɗai ran da zuciyarta za ta iya. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Wurin Mama Talatu kuwa da hujjoji na je. Na ce ba a sanar da ni rasuwar ba, na ce yanzu kowa haka yake aiki, na ce shi kansa Bulus daga gado yake dannawa. Ta bar ni na gama tas, irin na tsohuwar malama. Sannan ta ce a zauren nan tana ji ana tambayar kamfanin wa ne, ana cewa na Bulus ɗan Talatu ne.

"Kabiru, ɗana bai je wurin ba domin yana kabari," in ji ta. "Kai ina kake?"

Na ce, "Ina shago, Mama."

Ta ce to, ba ta kore ni daga gidanta ba, tuwona yana nan duk ran da na zo. Amma sunan nan shi kaɗai ya rage mata, ba za ta bari a riƙa kiran sa a inda ba shi da bakin kare kansa ba.

Tun daga ranar nake lissafin abin da ya saura na Bulus. Haɗin da ya yi da hannunsa tuni sababbin manhajoji suka binne shi, ba mai amfani da shi. Kwamfutarsa ta mutu. Abin da ban ga ya mutu ba shi ne yadda har yanzu nakan haɗu da mutane a kasuwa ko a adaidaita sahu su ce mini ai abokinka ne ya yi mana bikinmu, mutumin kirki, kamar ya san abin da ke ranmu. Babu wanda ya taɓa ce mini na'urarsa ta burge shi. Ni da na fi kowa kusa da shi, na'urar na ɗauka na bar sauran. Yanzu na koma karɓar taro ɗaya a rana, ina zuwa da kaina. Ban san ko shagon zai ɗore a haka ba, don masu yi daga nesa sun fi ni yawan aiki. Mama ba ta ce za ta mayar mini da sunan ba, ni ma ban da fuskar tambaya.

Shekaranjiya na kira mai fenti. Ya hau tsani, ya karanta allon, ya tambaye ni wanne zai shafe. Na nuna masa. Yana cikin aiki sai ya leƙo ya ce, Malam, kun ɓata ne da mai sunan? Na buɗe baki zan ce masa ya rasu, sai na ga ba ita ce amsar ba, tunda shekara bakwai yana kwance sunansa na nan ba wanda ya taɓa shi. Na ce masa eh, mun ɓata, kuma laifina ne.